Rawar Amo a Jitar Kiɗan Kantiri: Tarihin Dabarar da Yatsa Ya Aro Daga Ƙarfe

Abin da masana kiɗa ke kira bibrato, wanda za a iya kiransa rawar amo da Hausa, shi ne ɗan kaɗawar da makaɗi ko mawaƙi ke yi wa amo guda bayan ya fitar da shi, ta yadda amon zai riƙa ɗan hawa yana ɗan sauka a kusa da mazauninsa, galibi sau biyar zuwa bakwai a cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da ya bar wannan mazauni ya koma wani amo dabam ba. Duk wanda ya taɓa lura da muryar mawaƙi a lokacin da ya ja ƙarshen baiti ya san abin a kunne ko da bai san sunansa ba. Ya kamata tun farko a raba shi da wasu abubuwa biyu da ake yawan gwama su da shi. Na farko shi ne tiremolo, wanda ƙarfin sauti ne ke ƙaruwa yana raguwa a cikinsa alhali amon yana nan inda yake, na biyu kuma shi ne jan tsirkiya, wato tura ta gefe da yatsa har amon ya tashi daga mataki ɗaya ya sauka a kan wani. A kiɗan kantiri, wanda ya samo asali a karkarar kudancin Amurka, waɗannan abubuwa uku sun cuɗanya da juna a hannun mai jitar jagora, wato makaɗin da ke amsa wa mawaƙi yana kuma cike gurbin da muryar ta bari tsakanin baiti da baiti.

A farkon tarihin wannan kiɗa, rawar amo kusan babu ita a jita. Lokacin da Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar sauti ta kamfanin Victor a garin Bristol na jihar Tenesi a shekarar 1927, inda ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter a karo na farko, aikin jita shi ne riƙe taki da raka murya, goge irin na Turawa da banjo kuwa su ne ke ɗaukar karin waƙa. Maybelle Carter, wadda ta fito da jita gaba ta hanyar kaɗa karin waƙa da babban yatsa a kan manyan tsirkiyoyi tana share ƙananan da sauran yatsu, amonta a miƙe yake, kowane yana fita tsaf ya ba na bayansa wuri. Dalilin haka yana cikin kayan kiɗan kansu, domin tsirkiyoyin wancan zamani masu kauri ne ƙwarai, sun kuma ɗaure tamau yadda yatsa ba zai iya motsa su gefe ba sai da wahala, sannan amon jitar katako marar lantarki yakan mutu da wuri, kafin makaɗi ya sami sararin yi masa wani ado. Masu gogen tsaunukan Apalashiya ma ba su cika kaɗa amo ba, saboda kiɗan rawa suke yi, kuma ƙafar mai rawa ba ta jiran amo ya gama karkarwa.

Daga tsibiran Hawai ne sauyin ya zo. A wajajen 1889 wani matashi mai suna Joseph Kekuku, ɗan tsibirin Owahu, ya ɓullo da salon kwantar da jita a kan cinya, fuskarta tana kallon sama, ana kuma zame ɗan guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyin maimakon a danne su da yatsu, kuma daga wannan guntu ne aka samo sunan jitar ƙarfe. Bayan babban baje kolin da aka yi a San Francisco a 1915, inda makaɗan Hawai suka yi ta wasa a rumfarsu tsawon watanni, Amurkawa suka kamu da son wannan sauti, faya-fayen kiɗan Hawai suka cika kasuwa, ƙungiyoyin makaɗa suka riƙa bin ƙauyukan kudu suna wasa a cikin tantuna, malaman koyar da jitar Hawai kuma suka yawaita har ana aika darasi ta gidan waya. Ba a jima ba mawaƙan karkara suka rungumi abin, har Jimmie Rodgers ya ɗauki waƙoƙi tare da ƙungiyar Lani McIntire ɗan Hawai a 1930, sannan daga 1939 Pete Kirby, wanda aka fi sani da Bashful Brother Oswald, ya riƙa kaɗa wa Roy Acuff irin jitar nan mai faifan ƙarfe a ciki da ake kira dobro a dandalin Grand Ole Opry na Nashville.

Muhimmancin jitar ƙarfe a wannan tarihi yana cikin yadda take fitar da amo. A wuyan jita ta yau da kullum akwai siraran sandunan ƙarfe da aka dasa a jere, kowanne yana yanke tsawon tsirkiya a daidai wurin da zai ba da rabin mataki na amo, don haka idan makaɗi ya danna a inda ya kamata, amon zai fita daidai ko da kunnensa bai kai ba. Mai jitar ƙarfe ba shi da wannan gata, domin tsirkiyarsa ba ta taɓa wuya, kuma duk inda ya ajiye guntun ƙarfen nan amon yake, kuskuren da bai wuce kaurin tsinke ba yana iya ɓata shi. Saboda haka yakan ɗan mirgina ƙarfen gaba da baya a kan mazaunin amon, wanda hakan ke yin ayyuka uku a lokaci guda: yana rufe ƙaramin kuskure, yana tsawaita ran amon saboda gogar ƙarfe da tsirkiya, yana kuma ba shi irin karkarwar da ke cikin muryar mutum mai kuka ko mai bege. Abin lura shi ne wannan rawa tana bin ɓangarori biyu, sama da ƙasa, amon gaskiya yana tsakiya, kuma a kan wannan ma'auni ne kunnen masu sauraren kantiri ya ginu shekaru da yawa kafin yatsan mai jitar jagora ya iya yin wani abu mai kama da shi.

Wutar lantarki ta ƙara wa jitar ƙarfe fifiko. Jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa, wadda George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar a 1932 kuma ake yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, jitar cinya ce irin ta Hawai, kuma maganaɗisun da aka sa mata a kewayen tsirkiya ya sa amo yana daɗewa fiye da yadda katako zai iya riƙe shi. A watan Janairun 1935 Bob Dunn ya ɗauki faifai da jitar ƙarfe mai lantarki tare da ƙungiyar Milton Brown ta jihar Teksas, a shekarar da ta biyo baya kuma Leon McAuliffe ya kaɗa "Steel Guitar Rag" tare da Bob Wills, kiɗan da ya zama darasin farko ga dubban masu koyo. Zuwa farkon shekarun 1950 an sami salo biyu da za a iya bambanta su a faya-fayen Hank Williams kaɗai: na Jerry Byrd, mai laushi da faɗin rawa, wanda son kiɗan Hawai ya sa daga baya ya koma can da zama, da na Don Helms, mai tsini da ƙarancin ado, wanda ke ratsa hayaniyar mashaya ya isa kunne.

Wannan hayaniya ita ce ta haifi jitar jagora a kiɗan kantiri. Masu mashayun Teksas sun koka cewa ba a jin faya-fayen Ernest Tubb a cikin akwatin kiɗan da ake jefa wa kwabo idan wuri ya cika, shi ya sa a 1941 ya shigo da jitar lantarki a waƙarsa "Walking the Floor Over You", daga nan kuma ta zama ba makawa a kowace ƙungiya. Sai dai mai wannan jita ya tsinci kansa a tsaye kusa da mai jitar ƙarfe a dandali ɗaya, ɗaya amonsa yana zamewa yana kuka, ɗaya kuma nasa yana fita a sandare, kuma tsirkiyoyinsa har yanzu irin na dā ne, ta farko tana kai kaurin kashi 12 ko 13 cikin dubu na inci, ta uku kuma a naɗe take da waya. Akwai dai rawar amo irin ta masu jitar gargajiyar Sifen, inda ake kaɗa yatsa tsaye da tsawon tsirkiya kamar yadda mai goge ke yi, amma a kan tsirkiyar ƙarfe mai tauri tasirinta kaɗan ne. Tun da yatsa ya gaza, sai aka nemi mafita a wajen maƙera.

Clayton Kauffman, wanda aka fi sani da Doc, shi ne ya fara neman takardar mallakar fasaha a 1929 a kan wani hannun ƙarfe da ake ɗaurawa a gindin jita, wanda idan aka motsa shi yakan sassauta tsirkiyoyi ya kuma ɗaure su, ya sa masa suna Vibrola. Aibinsa shi ne ba ya komawa daidai inda ya taso, don haka bayan 'yan motsi sai jita ta karkace daga saiti. Merle Travis, ɗan jihar Kentaki da ya gaji salon kiɗa da babban yatsa daga mahaƙan kwal na gundumar Muhlenberg, yana da irin wannan hannu a jitarsa, sai ya kai wa abokinsa Paul Bigsby gyara. Bigsby makanike ne da ya yi aiki a kamfanin babura na Crocker a Los Angeles, kuma maimakon ya yi faci sai ya ƙera sabon abu gaba ɗaya: an naɗa tsirkiyoyi a kan wani sandan ƙarfe mai juyawa, hannun yana zaune a kan gajeren sifirin mai ƙarfi, idan an danna sai amo ya sauka kaɗan, idan an saki sai sifirin ya maido shi. Shi ne kuma ya ƙera wa Travis jita mai tsantsar katako marar rami a 1948, ya fara sayar da hannun nasa a farkon shekarun 1950. Iyakar saukar da yake yi ba ta da yawa, kuma wannan ƙarancin shi ne alherinsa, domin bai ba makaɗi damar wuce gona da iri ba. Babu wanda ya nuna amfaninsa kamar Chet Atkins, wanda kamfanin Gretsch ya fitar da jita mai lamba 6120 da sunansa a tsakiyar shekarun 1950 ɗauke da hannun Bigsby. Atkins yakan riƙe bakin hannun da ƙananan yatsunsa na dama alhali babban yatsa da manuni suna ci gaba da kiɗa, idan ya zo ƙarshen jimla sai ya ɗan girgiza amo uku ko huɗu a tare, abin da yatsun hagu ba za su iya yi daidai wa daida ba. Da ya zama shugaban sashen kamfanin RCA a Nashville a 1957, wannan laushi ya shiga cikin salon faya-fayen da suka fito daga hannunsa, har da na Jim Reeves, wanda muryarsa ta daɗe tana fita a gidajen rediyon Nijeriya.

A nan ne ruɗanin suna ya samo asali, kuma maƙerin jita Leo Fender ne ya jawo shi. Da ya fitar da jitar Stratocaster a 1954, tare da taimakon Freddie Tavares, wanda shi ma makaɗin jitar ƙarfe ne haifaffen Hawai, sai ya kira hannun da ke jikinta tiremolo alhali rawar amo yake yi, sannan ya kira abin da ke cikin wasu na'urorinsa na ƙara sauti bibrato alhali ƙarfin sauti kawai yake ɗagawa yana saukewa. Fender ba makaɗi ba ne, mai gyaran rediyo ne tun asali, amma kasuwa ta bi bakinsa, har yau kuma ana kiran abubuwan biyu a juye. Wani abin mamaki shi ne jitar da makaɗan kantiri suka fi runguma daga kamfanin Fender ita ce wadda ba ta da hannu ko kaɗan, wato Telecaster, wadda ta fito a 1950 da sunan Broadcaster kafin a sauya mata suna a 1951 saboda ƙorafin kamfanin Gretsch da ke da ganguna masu suna makamancin wannan. Allon katako ne kawai da wuya da maganaɗisu biyu, amonta siriri ne mai tsini, wanda ba ya ɓoye kuskure, kuma duk wata rawa da za a ji daga gare ta sai dai ta fito daga hannun hagu.

Ana cikin haka sai jitar ƙarfe ta sake yin gaba. A ƙarshen 1953 Webb Pierce ya ɗauki waƙar "Slowly", inda Bud Isaacs ya yi amfani da jitar ƙarfe ƙirar Bigsby mai feda, wato abin takawa da ke jan wasu tsirkiyoyi ta hanyar waya, ya kuma taka fedar a daidai lokacin da amon ke cikin ƙara, sai aka ji amo biyu suna hawa alhali na uku yana tsaye. Waƙar ta yi mako 17 a saman jerin waƙoƙin kantiri a 1954, masu jitar ƙarfe suka duƙufa wajen haɗa feda da duk irin tarkacen da suka samu, a 1957 kuma Buddy Emmons da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud don ƙera irinta. Tun daga wannan lokaci burin mai jitar jagora ya zama kwaikwayon wannan motsi: ya riƙe tsirkiya ɗaya cik, ya ja ta kusa da ita har ta kai cikakken mataki, ya tsaya a kai ba tare da ya gota ba.

Wanda ya buɗe hanyar yin hakan yaro ne ɗan jihar Luwiziyana, James Burton, wanda aka haifa a 1939 kuma ya shiga cikin makaɗan shirin rediyo na Louisiana Hayride a Shreveport tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Burton ya cire tsirkiyoyi huɗu na farko daga Telecaster ɗinsa ya maye su da siraran tsirkiyoyin banjo, ya mayar da ta huɗu ta asali gurbin ta biyar, ta biyar gurbin ta shida, ya jefar da mafi kaurin. Da wannan ɗan gyara ta uku ta zama waya tsirara mai laushi, wadda yatsa ɗaya zai iya turawa, kuma miliyoyin matasa sun ga sakamakon a talabijin lokacin da yake kaɗa wa Ricky Nelson a ƙarshen shekarun 1950. A 1962 Ernie Ball, mai kantin jita a Kaliforniya wanda shi ma da jitar ƙarfe ya fara, ya soma sayar da irin wannan saiti a shirye da sunan Slinky, inda ta farko ke da kaurin kashi 10 cikin dubu na inci. Ba daidai ba ne a ba da wannan labari a manta da bashin da ke kansa, domin tura tsirkiya gefe da kaɗa ta da wuyan hannu dabara ce da baƙaƙen makaɗan salon kiɗan bulus suka daɗe da ƙwarewa a kai, kuma Burton ya taso yana sauraren su. B.B. King ma ya sha bayyana cewa karkarwar yatsansa ta samo asali ne daga ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwansa Bukka White, wanda ke zame ƙarfe a kan tsirkiya. Ke nan a bulus da kantiri duka yatsa bayan ƙarfe yake bi.

Inda suka rabu shi ne wajen gwargwado, kuma a garin Bakersfield na Kaliforniya, matattarar iyalan da fari da guguwar ƙura suka koro daga Oklahoma da Teksas a shekarun 1930, aka daidaita salon da ake ɗauka a matsayin na kantiri a yau. Don Rich, wanda goge ya fara koya kafin ya zama mai jitar Buck Owens, yakan fitar da amo gajere mai ɗanɗanon tsinke, ya katse shi kafin ya yi tsawo. Roy Nichols, wanda ya kaɗa wa Lefty Frizzell da Wynn Stewart kafin ya zama ginshiƙin ƙungiyar Merle Haggard, ya shahara da jan tsirkiya tun kafin ya kaɗa ta, sa'annan ya sake ta a hankali, sai amon ya gangaro kamar yadda Frizzell ke karya gaɓar kalma. Idan aka dubi hannun irin waɗannan makaɗa a kusa, za a ga babban yatsa ya rataya a saman wuyan jita, yatsan zobe yana kan tsirkiya, na tsakiya da manuni suna bayansa suna tallafa masa, ƙarfin kuma daga juyawar tsintsiyar hannu yake fitowa kamar mai murɗa mabuɗi. Tsirkiyar da aka danne a kan sandan wuya ba ta iya sauka ƙasa da mazauninta, tura ta sama ko ƙasa duk ɗaga amo yake yi, don haka wanda ya faɗaɗa rawar sai amonsa ya zarce na mawaƙi da na mai jitar ƙarfe da ke gefensa. A kan tsirkiyar da aka riga aka ja kuwa akwai damar sassautawa kaɗan a dawo, wanda shi ne mafi kusa da rawar ƙarfe mai ɓangare biyu, shi ne kuma mafi wuyar ƙwarewa. Daga nan ne ƙa'idar da malaman wannan salo ke nanatawa ta fito: a isa amon daidai, a tsaya a kansa har kunne ya amince, sai a ƙarshe a ɗan kaɗa shi, a waƙa mai sanyi kawai, a kiɗa mai sauri kuwa a bar shi. Makaɗin da ya taso a kiɗan rok yakan tona kansa a nan tun a jimlar farko, domin hannunsa ya saba girgiza kowane amo da zarar ya fito.

Ƙoƙarin ƙarshe na mayar da jita ta zama jitar ƙarfe shi ne na Clarence White da abokinsa Gene Parsons, mai ganga wanda kuma ya iya aikin injin sassaƙa ƙarfe, waɗanda dukansu suka kasance a ƙungiyar Byrds. A wajajen 1968 Parsons ya haɗa wasu sanduna da sifirin a bayan Telecaster ɗin White, ya haɗa su da maɓallin da ake rataya maɗaurin kafaɗa a jikinsa, ta yadda idan makaɗi ya danna wuyan jita ƙasa, maɗaurin zai ja sandan, sandan kuma ya ɗaga tsirkiya ta biyu cikakken mataki. Kafaɗa ta karɓi aikin da ƙafar mai feda ke yi, yatsun hagu kuma suka sami sararin riƙe sauran amo da kaɗa su. Waɗanda suka biyo baya kowa ya ɗebi abin da ya dace da shi, Roy Buchanan, wanda shi ma da jitar ƙarfe ya fara, ya riƙa murɗa maɓallin ƙara da ƙaramin yatsa don amo ya kumbura kamar kuka, Willie Nelson kuma ya tsaya a kan tsohuwar jitarsa ta Martin mai tsirkiyar nailan da ya samu a 1969, yana bin karkarwar makaɗin jita Django Reinhardt, Brad Paisley kuwa ya mayar da dabarar Parsons kan tsirkiya ta uku. White bai ga yaɗuwar abin da suka ƙirƙira ba, domin wani direba da ya sha barasa ya buge shi har lahira a watan Yulin 1973 yana loda kayan kiɗa a mota, yana da shekara 29. Marty Stuart ya sayi jitar daga matar White a 1980, kuma har yanzu da ita yake hawa dandali.